Matakalar Ruwa ta Gulbin Sarma

A wani zamani mai tsawo da ya shuɗe, a ƙasar Dumbulwa wadda Gulbin Sarma ya ratsa, an yi wani sarki mai adalci da kwarjini ana ce masa Jatau. Da rashin ruwan sama ya addabi talakawansa shekara bakwai a jere, sai ya nemi taimakon wani ifiritu mai suna Zurƙanu, wanda ya gina masa madatsar ruwa ta baƙin dutse tsakanin tsaunuka biyu, bisa sharaɗin cewa ranar da aka zare dutse guda daga cikinta, duk za ta rushe. Gonaki suka yi kore har da rani, rumbuna suka cika.

Amma a gulbin akwai wani kifi mai jan ɓawo da ake kira ɗan-alharini, wanda ba a samunsa a wani ruwa a duniya, kuma ba ya yin ƙwai sai ya haura mafarin gulbin. Kowace damina sai a ga kifayen suna dukan bangon da kawunansu har su mutu. Da shekara ta biyar ta zagayo, ba su fi arba'in ba. Sarki ya rasa abin yi, domin rushe madatsar yunwa ce, barinta kuma ƙarewar kifin.

Sai Tabawa, 'yar Sarkin Ruwa Nomau, wadda ta girma cikin kwalekwale, ta zo fada ta durƙusa. Ta ce, "Ranka ya daɗe, wanda ya gina bango ya san inda ƙofa za ta zauna. A ba ni izini in je gare shi."

Tafiyar kwana tara ta yi kafin ta iske Zurƙanu a kogonsa. Ya ce shi bango yake ginawa, bai taɓa gina ƙofa ba. Ta zauna a bakin kogon kwana uku ba ta gusa ba, har ya gaji ya jefo mata wata diga ta tagulla. Ya ce, "Ki sassaƙa wa ruwa hanya a jikin tsauni, gefen ginina. Amma digar nan ba ta cin dutse muddin akwai taru ko ƙugiya guda a cikin gulbin."

Da ta dawo ta faɗa wa masunta, suka yi ta gunaguni, suna tambayar abin da za su ci. Sarki ya buɗe rumbunan da madatsar ta cika, ya sa ɗansa Yarima Bawa ya riƙa raba musu hatsi. Aka rataye taruna, aka fara sara. Yarima da ya zo rabon hatsi sai ya tuɓe alkyabba ya karɓi diga, suna yi suna karɓeɓeniya da Tabawa, har aka sassaƙa gurbi ashirin, kowane bisa ɗan'uwansa kamar matakala.

Wata safiya digar ta dakushe. Tabawa ta bi gaɓar gulbi tana dubawa, sai ta iske mahaifinta da kansa a wani lungu, ya jefa ƙugiya. Tsohon ya sunkuyar da kai, ya ce shekara sittin hannunsa bai taɓa yin wata biyu bai ja kifi ba, ji yake kamar an binne shi da rai.

Ta durƙusa a gabansa, idanunta cike da hawaye. Ta ce, "Baba, kai ka koya mini sunan kifin nan. Ina so in sami abin da zan nuna wa jikokinka idan na faɗa musu sunan." Ta miƙa hannu biyu, ba ta sauke ba har sai da ya naɗe igiyar ya ɗora mata. Kashegari aka gan shi a tsauni yana kwasar tsakuwa a kwando.

Gurbi arba'in da ɗaya suka sassaƙa kafin damina ta faɗi. Aka sako ruwa, jama'a suka jeru a gaɓa. Yini biyu ba kifin da ya kusanci hanyar, har wasu suka fara watsewa. A na uku, da hantsi, wata tsohuwar kifanya mai tabo a ka ta yi tsalle ta faɗa gurbin farko, ta huta, ta sake tsalle. Goma sha tara ne suka haura a shekarar.

Sarki ya kafa doka cewa ba a kamun kifi a Sarma daga faɗuwar damina har kaka, ya kuma damƙa tsaron matakalar a hannun Tabawa. Da Yarima ya nemi aurenta ta amince, amma ta ce a gina musu gida a gindin tsauni, inda za ta riƙa jin ƙarar ruwan. Aka yi biki na kwana bakwai cikin damina, kuma shi ne bikin 'yar masunta na farko a Dumbulwa da aka ci tuwo da miyar kuka babu ko ƙayar kifi a ciki. Tsoho Nomau ya ci malmala uku, ya nemi ƙari.