Harsasai Ukun Ƙarshe a Akwatin Shamiel

An yi wani mutum a nan ƙasar Karoo. Ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna sallah a cikinmu. Mahauci ne mai rufin asiri, yana da shagon nama da garken tumaki, kuma Allah ya ba shi ido da hannu na harbi. Shekara shida a jere, in aka yi gasar harbin nesa a gonar tsoho Fanie, shi ke komawa gida da rago.

Kun san gasar. Faifan ƙarfe goma ake kafawa a fili, kowanne ya fi na bayansa nisa. Wanda ya kuskure ya fita. Wanda ya rage shi kaɗai, shi ya ci. Na can nesa kuwa, sai ka harba ka yi numfashi biyu kafin ƙarar ƙarfen ta dawo kunnenka.

To, mutumin nan yana da suruki, mijin ƙanwarsa, Shamiel mai walda. Shi ya koya wa Shamiel riƙon bindiga. Rana ɗaya suka sayi bindigoginsu, iri ɗaya, masu araha, irin waɗanda kowane makiyayi ke ajiyewa a bayan a-kori-kura saboda dila. Shamiel bai taɓa canja tasa ba. Ƙotar ta tsage, ya ɗaure ta da baƙin salatif. Amma duk Asabar yana bayan gari a kwance rub da ciki, yana kallon yadda ciyawa ke kwantawa, yana koyon halin iska.

A shekara ta bakwai Shamiel ya ci.

Ya 'yan uwa, mene ne a ciki? Ɗalibinka ne. Ragon ma gidan ƙanwarka aka kai, aka aiko maka da cinya. Amma mutumin nan ya kasa haɗiyar naman. Da mutane suka riƙa tsokana, “Kai, bindigar salatif ta kori maigida!”, ya yi dariya da haƙora kawai.

Sai ya ce a ransa laifin bindiga ne. Ya sayar da tasa. Ya sayar da ragunan kiwonsa masu kyau, waɗanda mahaifinsa ya bar masa irinsu, ya yi odar wata daga ƙasar waje. Kuɗin madubin hangenta kaɗai zai sayi irin ta Shamiel goma. Ni na gan ta da idona. Wallahi abu ne mai kyau, ba na raina ta. Kunamarta ko numfashi ka yi mata da ƙarfi sai ta tashi. In ka ɗaure ta a kan benci ka harba sau biyar, rami ɗaya za ka gani. Ta Shamiel kuwa sai ta watsa su kamar faɗin tafin hannu.

Amma ba a benci ake gasa ba. A fili ake yi, inda iska ke zuwa daga hagu a gabanka ta juya dama a tsakiyar hanya. Bindiga ba ta ganin iska, mai ita ke gani. A shekara ta takwas Shamiel ya sake ci.

Ranar da ya kawo musu ziyara bayan gasar, Shamiel ya ɗauki sabuwar bindigar yana shafawa kamar jariri. Ya ce, “Yaya, wannan ai ko a mafarki ban isa ba. Ka zo mu riƙa fita ran Asabar, ka saba da ita kawai.”

Mutumin ya ce, “Yau kai ne za ka koya mini harbi?”

“A'a, Yaya, ni wa? Iskar nake nufi.”

“To ka ajiye mini kayana, kada ka shafa mata man walda.”

Daga nan hassada ta samu ɗaki a zuciyarsa, ta shimfiɗa tabarma. In ya ga Shamiel a sahu sai ya canja wuri. In an yabi Shamiel a shagonsa sai ya sare ƙashi da ƙarfin da bai kamata ba. Ba so yake ya ci kaɗai ba. So yake ya ga Shamiel ya kuskure a gaban jama'a, a yi masa dariya.

Kun san mutanenmu ba su sayen harsashin gasa a kanti. Kowa a gida yake ɗura nasa, ya auna albarushi daidai da abin da bindigarsa ke ɗauka, kuma ba mai taɓa akwatin wani. Ko ɗan da ka haifa bai isa ba. Mutumin nan ya sayar da tsohuwar bindigarsa, amma kayan ɗurinta da kwansonta suna nan a ɗakin ajiyarsa, kuma girmansu ɗaya da na Shamiel. Ana saura kwana biyu gasa ta tara, ya zauna ya ɗura harsasai uku. Ya zuba musu albarushi fiye da ƙima, kuma ba irin wanda aka yi wa bindigar ba. Ya gaya wa kansa cewa harsashin zai yi sama ne kawai ya tsallake faifai. Ya san ba nan abin zai iya tsayawa ba. Shi da bakinsa ya sha gargaɗin sababbin shiga a kan haka. Amma mai hassada yana jin wa'azin kowa ban da nasa.

Ranar gasa, da azahar ta yi, Musulmin da ke wurin suka koma bayan rumfar tumaki za su yi sallah. Ya ce su fara, alwalarsa ta karye. Ya 'yan uwa, ku ji fa! Ana kabbara, shi yana buɗe motar surukinsa. Harsashi goma Shamiel ke jerawa a akwatinsa, ɗaya ga kowane faifai. Mutumin ya zare uku na ƙarshe, na takwas da na tara da na goma, inda ya san a can za su kara, ya sa nasa. Sannan ya zo ya shiga sahu a raka'a ta uku, kafaɗarsa a jikin ta Shamiel.

Aka fara harbi. Kafin faifai na bakwai kowa ya zube, saura su biyu. Shamiel ya kwanta, ya jira iska ta lafa, ya harba. Shiru, shiru, sai ƙarfe ya amsa. Sai layin mutuminmu. Amma ina hankalinsa? Yana kan akwatin nan, yana ƙirga saura ɗaya a kai ga nasa. Bai ga ciyawa ta juya ba. Ya taɓa kunama, ƙura ta tashi kamu guda a gefen faifan.

Gasa ta ƙare a na bakwai. Ba a kai ga na takwas ba.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. A gonar tsoho Fanie akwai al'ada tun zamanin mahaifinsa: wanda ya ci yakan miƙa wa na biyu bindigarsa da ragowar harsashinsa, ya harba su a faifan ƙarshe, don kada a rabu da ƙulli a zuciya. Shi kansa mutumin nan ya yi wa wasu haka sau shida. Hassada ta mantar da shi. Shamiel ya taso yana murmushi, bindigar salatif a hannu ɗaya, akwati a ɗaya. Ya ce, “Bismillah, Yaya. Uku suka rage. Nuna musu wanda ya koya mini.”

Mutumin ya ce kafaɗarsa na ciwo.

Wani ya ɗaga murya, “Ko dai hannun ya saba da ta masu kuɗi ne?” Aka fashe da dariya. Tsoho Fanie ya ce, “Haba, ɗana, ba a taɓa ƙin wannan a gonata ba.”

Ya 'yan uwa, a nan Allah ya buɗe masa ƙofa. Magana ɗaya ce: kada kowa ya harba waɗannan, ni na sa su. Da ya yarda ya ji kunyar yini guda, da ya koma gida da jikinsa cikakke. Ya dubi fuskokin mutane, ya dubi akwatin. Ya zaɓi ya tsare sunansa. Ya kwanta, ya ɗora kumatunsa a kan salatif, ya sa idonsa na dama a madubi, ya ja.

Bindigar ta tarwatse a fuskarsa.

Shamiel ne ya cire rigarsa ya ɗaure masa kai. Shamiel ne ya tuƙa shi asibiti, tafiyar awa biyu a kan tsakuwa, yana kuka yana cewa, “Ka yafe mini, Yaya, ni na ɗura su, ni na yi kuskuren awo.” Idon dama ya tafi. Yatsu biyu suka tafi, har da wanda ke jan kunama. Kwana tara Shamiel yana zuwa gefen gadonsa neman gafara, kwana tara mutumin nan yana jinsa bai gaya masa gaskiya ba.

Amma harsasai biyu sun rage a akwati. Da hukuma ta kai su wurin maƙerin bindiga ya buɗe, sai ga albarushin da Shamiel bai taɓa saye ba. A duk yankin mutum ɗaya ya yi odar irinsa. Aka ƙwace wa mutumin nan lasisin bindiga, aka tafi da bindigar da ya sayar da gadon ubansa dominta. Mutane suka daina sayen nama a hannunsa, shagon ya rufe.

Ƙanwarsa ta zo sau ɗaya. Ba ta zauna ba. Ta ce, “Da ka samu faifai na bakwai, fuskar wa za ta kasance a kan bindigar nan a na takwas?” Ta juya ta fita.

Shamiel bai kai shi ƙara ba. Abin da ya ce masa kawai shi ne, “Yaya, da ka gaya mini haka abin ke cin ka, wallahi da na kuskure da gangan tun a na farko. Rago ne fa.”

To, ya 'yan uwa, ba bindiga mai tsada ce ta halaka shi ba, kuma ba mai araha ce ta ɗaukaka Shamiel ba. Wanda ya iya saye ya saya, halak ɗinsa ne. Abin da ya ci mutumin nan shi ne ya kasa jure ganin alheri a hannun ɗan'uwansa. Hassada ga mai rabo taki ce, ga mai yin ta kuwa wuta ce, kuma a jikinsa take fara ci. Kowannenmu ya duba zuciyarsa yau. Wa kake jin ɗaci in an yabe shi? Maƙwabcinka? Ƙanenka? Wanda kai ka koya wa sana'a? Ka yi masa addu'ar ƙari tun kafin shaiɗan ya nuna maka inda akwatinsa yake. In kuwa har ka riga ka sa hannu, ka faɗa tun da sauran idonka biyu.

Har yau in an yi Idi, Shamiel yana aika masa da cinya.

Allah ya wanke zukatanmu daga ƙyashi da hassada, ya sa mu yi murna da rabon 'yan uwanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.