Ganyen Da Ya Kusa Rataye Joji

Ku matso ku sha labari. A duwatsun Indiya, zamanin da Turawa suka fara ƙwace gonaki, an yi wani maharbi ɗan ƙabilar Santal mai suna Somra. Idan zai tara mutanensa yaƙi, ganyen wata bishiya yake ɗagawa a gabansu. Sai Joji, Baturen yankin, ya kafa doka cewa duk wanda ya ɗaga ganyen nan a bainar jama'a, rataya ce, ko wane ne.

Ranar kasuwa aka kamo Somra, aka zube kayan jakarsa gaban Joji a tsakiyar kasuwar.

Joji ya ce, "Ka kawo shaidar da ta ga ba ka ɗaga ba, ko ka sha igiya."

Somra ya ce, "Ranka ya daɗe, ganye biyar ne a jakata, har da na miyar matata. Wanne ne mai laifin?"

"Kai ka sani!"

"Idona ya tsufa. Kada a rataye ni a kan miya."

Haushi ya ɗebi Joji, ya fizgi ganyen, ya ɗaga sama. "Wannan, makaho!"

Kasuwa ta ɓarke da guɗa, makaɗa suka hau ganga.

Somra ya durƙusa. "Madalla da sabon shugabanmu! Sai dai igiyar ɗaya ce, wuya biyu. A garinmu babba ke farawa."

Joji ya yar da ganyen kamar garwashi. Nan take ya soke dokar. Somra kuwa ya tsince ganyensa duka biyar, don matarsa ba ta ɗaukar uzuri.

Ni ma nan na sauke nawa labarin.