Ranar da Aka Karanta Baffa Haladu a Rediyo

Akwai wani zauren marubuta a Kazaure da ake kira Zauren Jibi. Su ba ruwansu da labaran soyayya ko na yaƙin takobi. Abin da suke rubutawa shi ne labaran ƙirƙira na kimiyya: kumbon da ke jigilar gero zuwa duniyar wata, mutum-mutumin da ya koyi noman gyaɗa, birnin da aka gina a ƙarƙashin ruwa.

Duk Asabar bayan la'asar wata tashar rediyo takan ba su fili. Mutum ɗaya ya karanta labarinsa, sauran su feɗe shi, sannan a buɗe layi ga masu sauraro. Malam Maikasuwa ne ke jan shirin, kuma dokarsa guda ce: a soki labari, kada a taɓa mai labari.

A cikinsu akwai Ma'u, malamar kimiyya a wata makarantar 'yan mata, haifaffiyar Kanya Babba. Akwai Sama'ilu ɗan Roni, wanda duk mutum-mutumin da ya ƙera a labari sai ya ƙare da neman tuwo. Akwai kuma Sharfuddeen, ma'aikacin ofis, shi ma ɗan Kanya Babba.

Gaskiya ɗaya ce, jama'a, alƙalamin Sharfuddeen ya fi na kowa kaifi a zauren nan. Matsalar ita ce ya sani. In wani ya gama karatu, sai ya gyara hula ya ce, "Wannan ai ba labari ba ne, jerin kayan cefane ne."

Al'adarsu, wanda zai yi karatu ran Asabar yakan tura labarinsa zaurensu na WhatsApp tun ran Alhamis. A wannan satin layi ya zo kan Sharfuddeen.

Ma'u tana cin ɗanwake a ɗakin malamai ta buɗe labarin. Wani injiniya ne kumbonsa ya lalace, ya sauka a wata duniya mai rana biyu. Can ya gamu da wata halitta mai kiwon dabbobi masu ƙafa shida.

Ga yadda ya siffanta ta. Wuyanta da wani ƙullutu yana reto kamar gora. Idonta na hagu ya yi fari fat. Gefen bakinta ya karkace, jan miyau na dalala kan ƙirjinta. Tana jan ƙafa ɗaya tana bin injiniyan da wata ƙwarya mai tsutsotsi, tana cewa, "Sha, ɗan nan, sha ka yi ƙarfi."

Ma'u ta ajiye cokali.

Ta san wannan maƙoƙon. Ta san wannan idon. Ta san bakin da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya karkatar, mai jan goro. Kalmomin kuwa tun tana 'yar mitsitsiya take jin su ta saman katangar gidansu.

Baffa Haladu ne. Ƙanin mahaifin Sharfuddeen, makiyayin da ya ɗauke shi yana jariri bayan rasuwar iyayensa, ya rene shi har ya zama abin da ya zama.

A ƙarshen labarin, injiniyan ya rufe ƙofar kumbo a fuskar halittar, ya fesa wa hannunsa maganin ƙwayoyin cuta, ya tashi.

A ƙasan labarin tuni 'yan zaure sun jera alamun dariya. Sama'ilu ya rubuta, "Wallahi dodon nan ya tayar mini da zuciya! Gwani!" Su ba su san kowa ba. Ma'u kaɗai ta sani.

Ta kira Sharfuddeen nan take.

"Malam Sharfu, wane ne wannan ka rubuta?"

"Halittar wata duniya ce, Malama. Ko ba ki karanta ba?"

"Ka ji tsoron Allah. Baffa ne."

Ya yi wata 'yar dariya. "To in shi ne fa? Marubuci daga abin da ya gani yake ɗebowa. Ke kin san abin da ya yi mini watan jiya? Ofis ya biyo ni, da sandarsa da warin garke, gaban oga, ya buɗe ƙwaryar kindirmo a kan teburina. Har yau in na wuce sai masinja ya ce, 'Sha ka yi ƙarfi.'"

"Shi ne za ka rama a rediyo?"

"Ba sunansa a ciki."

"Sai ka sa suna? Duk Kanya Babba wa ke da wannan wuyan da wannan idon? Kuma ka san duk Asabar yana ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gidansa da rediyo."

"Haba Malama. Baffa da kumbo? Muryata kawai yake ji ya yi ta gyangyaɗi. Mutanen can in an ce wata duniya, lahira suke zato."

Ma'u ta kashe wayar, don abin da ya zo bakinta bai dace da malama ba.

Ran Juma'a ta sami Malam Maikasuwa ta faɗa masa komai. Ya daɗe yana shafa gemu.

"Malama Ma'u, ni labari na gani, ban ga mutum ba. In na fara hana karatu saboda wani ya ce dodo ya yi kama da baffansa, shirin ya mutu. Kuma duk satin nan muna ta sanarwa cewa Sharfuddeen ne zai karanta."

Da ta rasa yadda za ta yi, sai ta kira mahaifiyarta a gida. Niyyarta a san dabarar da za a janye tsohon daga rediyo, ko da aike ne na ƙarya.

"Wa zai iya?" in ji mahaifiyar. "Tun da ya ji sanarwar nan bai zauna ba. Ya bi gida-gida yana gayyata. Har Liman ya gaya wa. Yayar Sharfu ma, Adda Tasalla, ya sa ta dama fura saboda baƙi. Lafiya dai ko?"

Ma'u ta ce lafiya.

Asabar ta zo. Suka zauna a ɗakin watsa shiri, kowa da makirufo a gabansa. Sharfuddeen ya sha farar shadda, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Kafin a kunna jar fitila Ma'u ta sunkuya ta ce masa a hankali, "Ko idon da maganar ka cire. Baffa ya tara mutane."

Ya ce, "Gyara sai an gama karatu, Malama. Haka tsarin yake."

Ya fara. Kuma ya iya karatu, wannan ba a ƙwace masa ba. Da ya zo kan halittar, bai tsaya ga abin da ya rubuta ba. Sai ya karkace bakinsa, ya shaƙe murya, ya kwaikwayi maganar mai shanyayyen harshe: "Sha, ɗan nan, sha ka yi ƙarfi."

Muryar Baffa ce sak.

Sama'ilu ya toshe baki yana bubbuga tebur. Mai kula da na'ura ma yana ta ƙyaƙyatawa a bayan gilashi. Ma'u kuwa ba ta yi dariya ba. Ta dubi leɓen nan da ya girma da nonon shanun tsohon, ta ji kamar ta taka wani abu mai yauƙi da ƙafa ba takalmi.

Aka gama. Sama'ilu ya yaba, ya ce sai dai ƙafa shida ta yi wa saniya yawa, wa zai iya tatsa. Aka yi dariya. Sai Malam Maikasuwa ya ce, "Malama Ma'u, bismillah."

Nan fa ta shiga tsaka mai wuya. In ta ce mutum ne aka rubuta, ita ce za ta ƙarasa tona wa tsohon asiri har ga waɗanda ba su san shi ba. In ta yi shiru, ta zama cikin masu dariya.

Ta ce, "Tambaya gare ni ga mai labari. Halittar nan, na bi labarin daga farko har ƙarshe, ban ga ta ciji kowa ba. Baƙo ya faɗo mata daga sama, ta kawo masa abin sha. Mene ne laifinta da aka rufe mata ƙofa?"

Jama'a, ga ƙofa an buɗe masa. Da ya ce injiniyan ne mai laifi, da an ce hikima ce. Amma girman kai rawanin tsiya ne.

Ya matso da makirufo ya ce, "Laifinta shi ne ba ta san matsayinta ba. Akwai halittun da ganinsu kaɗai cuta ne. Wanda ya ci gaba dole ya koyi rufe ƙofa."

Ma'u ta janye kujerarta baya.

Aka buɗe layi. Wani daga Gwiwa ya ce ya sha dariya. Wata daga Babura ta tambayi yadda ake sallar azahar a duniya mai rana biyu. Sai kira na gaba ya shigo.

"Salamu alaikum, masu rediyo. Haladu ne, daga Kanya Babba."

Muryar da aka gama kwaikwaya yanzun nan ce. Dariyar Sama'ilu ta daskare a fuskarsa. Ya dubi lasifika, ya dubi Sharfuddeen.

Malam Maikasuwa ya amsa, "Wa alaikumus salam, Baba. Muna jin ka."

"Na ji kullum kuna cewa mai sauraro ma yana da damar gyara. Shi ne na ari wayar Liman."

"Haka ne, Baba."

"Ɗan nan, labari ya tsaru. Allah ya yi maka baiwa. Ni da farko ban ma gane ba, ina ta murna. Yara ne suka fara ganewa, suka hau tsalle suna nuna ni."

Tsohon ya ci gaba.

"Gyarana kaɗan ne. Ka ce idon hagu. Na dama ne. Ranar da bijimi ya kawo maka suka kana rarrafe a bakin garke, ta dama na faɗa a kanka, ƙahon ya same ni. Amma kana ƙarami lokacin, ba a kama ka da laifin mantuwa ba."

Ya tsaya ya ja numfashi. Ana jin kukan akuya daga nesa, ba muryar mutum ko ɗaya.

"Sai ƙwaryar. Ita ce ta ɗan taɓa ni. Ba tsutsa a ciki, ɗan nan. Addarka Tasalla ce ta wanke ta da hannunta, ga ta can ta shige ɗaki. Ni ka faɗi abin da ka ga dama a kaina, haka Allah ya yi ni. Ita ka nemi gafararta. Shi ke nan. Allah ya yi albarka."

Layin ya katse.

Malam Maikasuwa ya yi wa mai na'ura alama, aka saka talla. Ya cire abin kunnensa ya ajiye a hankali, ya ce, "Malama Ma'u, kin gaya mini. Ban ji ba."

Sharfuddeen ya dubi wannan, ya dubi wancan. "Ai adabi ne," in ji shi. "Ku fa marubuta ne. Kun san adabi ne."

Sama'ilu ya miƙe, yana goge bakinsa da hannun riga kamar ya ci abin da ya lalace. "Ka sa na yi wa tsoho dariya gaban duniya. Tir. Allah ya isa tsakanina da kai."

Ma'u ta fita waje ta tofar da miyau a gindin katanga.

Da ta je gida hutun ƙarshen wata, ta tarar inuwar darbejiyar nan ba kowa. Mahaifiyarta ta ce tun ranar tsohon ya daina zama a waje, don in ya fito yara sai su bi shi suna jan ƙafa suna karkace baki. An zane wasu, amma baki in ya furta ba ya komawa.

Ta shiga ta gaishe shi. Yana zaune a zaure yana tufkar igiya. Bayan sun gaisa, abin da ya fara tambaya shi ne, "Yaron yana cin abinci kuwa? Na ji muryarsa kamar ya rame."

Ma'u ta sunkuyar da kai.

An ce Sharfuddeen ya je garin daga baya. Baffa ya shimfiɗa masa tabarma, ya ce ya yafe. Amma daga tasha har ƙofar gida ba ɗan acaɓan da ya yarda ya ɗauke shi, kuma Adda Tasalla ba ta fito ba.

A Zauren Jibi kuwa ba a kore shi ba. Ba wanda ya ma kawo maganar. Bayan an kwana biyu ya turo sabon labari, ya ce shi ne mafi kyau da ya taɓa rubutawa. Wataƙila ma gaskiya ne. Ma'u ta karanta layin farko, ta ji wannan yauƙin ya dawo mata, ta rufe.

Kowa ya gani. Ba wanda ya yaba, ba wanda ya kushe.

Ya sake turo wani. Shiru. Ranar da Malam Maikasuwa ya gwada ambaton sunansa a shiri, mai kira na farko ya ce, "In yaron nan ne zai karanta, ku faɗa mana da wuri mu kashe rediyo."

Daga ƙarshe, mutumin da ya saba mayar da rubutun kowa jerin kayan cefane ya rubuta a zauren: "Don Allah wani ya ce wani abu. Ko zagi ne."

Sama'ilu ya turo nasa labarin a ƙasa, na wani mutum-mutumi da ya buɗe shagon tuwo a Roni. Aka hau feɗe shi ana raha.

Darasi: Baiwa amana ce, ba wuƙar yanka wanda ya goya ka ba. Munin fuska ba ya sa mutum ya zama abin ƙyama, butulci ne ke sawa. Kada ka raina fahimtar mutanen da ka baro a gida, kuma kafin ka nemi dariyar baƙi, ka tambayi kanka da mutuncin wa za ka saye ta. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman masu rubutu da masu magana a bainar jama'a. Allah ya raba mu da butulci.