Ranar da Waziri Ya Ɗauki Tukunya

A zamanin da, an yi wani sarki wanda arzikin garinsa duka ya rataya a kan kasuwar bakin kogi. Wata damina kogin ya sauya hanya, ya koma can nesa, tafiyar rabin yini. Fatake suka bi sabon mashigi. Kasuwa ta mutu, har ƙudaje suka yi ƙaura.

Sarki ya kira Nomau, Sarkin Kasuwa, ya ce, "Na ba ka kasuwa uku. In ba ta ci ba, ka ajiye rawaninka."

Waziri Makau, mai magana ta hanci, ya yi gyaran murya. "Allah ya ja zamaninka, fatake kamar awaki ne. A tura dogarai su koro su."

Aka koro su. Suka zauna a kan kayansu suna hamma, ko allura ba su kwance ba. Kasuwa biyu suka wuce haka.

To, Nomau yana da mata mai suna Kuluwa, mai sayar da fura. Tun da kogi ya tashi take zuwa sabon mashigi da ƙwaryarta, kafin azahar ta sayar. Ta bi mijinta fada ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kogi ba ya jin kiran dogari. Mu kai masa kasuwar."

Waziri ya kaɗa hannun riga. "Ke 'yar nan, ba a tayar da kasuwa. Tukunyar kakanni tana binne a gindin tsamiya, inda take nan albarka take."

"Baba Waziri, tukunyar tana da saiwa ne?"

Sarki ya ɓoye murmushi a cikin amawali.

Kuluwa ta sunkuyar da kai, ta ƙanƙantar da murya kamar wata saliha. "Sai dai kan talaka irina bai isa ɗaukar kayan kakanni ba. Duk ƙasar nan kai ɗaya ne ya isa, shi ne na Baba Waziri."

Waziri ya buɗe baki, ya rasa ta inda zai ƙi yabo. Sarki ya ce, "An gama."

Tun kafin a tono tukunyar, Kuluwa ta bi gida gida tana raɗa wa mata cewa gobe Waziri zai yi dako. Ta kuma ce wa mahauta da masaƙa da masu goro, "Inda 'yan kallo suke, nan masu saye suke. Ku ɗauko hajarku."

Washegari Waziri ya fito, gammo bisa rawani, tukunya bisa gammo, yana tafiya yana nishi. Gari kaf ya biyo shi. Da aka isa mashigi, fatake suka ga taro, suka hau kwance kaya. Kafin a gama haƙa ramin da za a sake binne tukunya, an sayar da sa bakwai.

Sarki ya bar wa Nomau rawaninsa, ya kuma ce daga yau ba a yanke shawarar kasuwa sai Kuluwa tana zaune.

Waziri kuwa, wuyansa a karkace, ya ce ta hanci, "Ai dama abin da nake shirin faɗa ke nan."

Kuluwa ta miƙa masa ludayin fura. "Sha, Baba. Ladan dako ne."