Gumin Nazifi a Kan Benci

"Ba zan ƙara ko sisi ba," in ji Alhaji Mantau, mai ƙungiyar ƙwallon kwando. "Hukuma ta sa wa jimlar albashin 'yan wasa iyaka, mun kuma kai ta."

"To 'yan Legas za su ɗauke Tanimu, ranka ya daɗe," in ji Koci Barau. "Yaron da ke ci mana wasa."

"Ka riƙe shi. Kada ka tsallake doka, kada ka taɓa albashin ɗana Nazifi. In ka kasa, ka bi Tanimu Legas ɗin."

Barau ya sosa ƙeya, don Nazifi ke kwashe kaso mafi tsoka. Sai ya sassauta murya kamar mai neman ilimi.

"Alhaji, wai wa doka ke kira ɗan wasa?"

"Kai da kake koci? Wanda ke shiga fili ya buga."

"Madalla. Nazifi bai taɓa rabuwa da benci ba, ka ga doka ba ta san da shi ba. Ka ci gaba da biyansa cif daga aljihunka, kasonsa na ƙungiya kuma mu ƙara wa Tanimu."

Alhaji ya ɗaga kai ya kalli silin.

"Amma ai yana yin gumi," in ji shi.