Gwaggo da Makullin Banɗaki

Akwai wata tela, 'ya'yana, da kowa a wurin aikinsu yake kira Gwaggo. Shekara goma sha tara tana taka keke ɗaya, na kusa da taga, a wani kamfanin ɗinka kayan makaranta. Mijinta ya rasu. Keken nan shi ne cinta da shanta, ita da 'yarta.

Wata safiya takalminta ya ƙi shiga. Ta danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa, ya ƙi dawowa. A asibiti likita ya ce hawan jini ne, kuma ruwa ya taru a jikinta. Ya rubuta mata wata 'yar farar ƙwaya, kullum da safe.

"Za ki yi ta fitsari, Mama. Kada ki tsorata, ruwan ne yake fita."

To, a kamfanin nan banɗaki a kulle yake. Makullin yana rataye a ƙusa bayan kujerar manaja, an ɗaura masa guntun katako don kada wani ya jefa shi a aljihu. Mai buƙata sai ya je gaban tebur ya roƙa, mutum talatin suna kallonsa.

Ranar farko Gwaggo ta tashi sau huɗu kafin rana ta raba. A na huɗun, manaja, wanda a haife ta haife shi, ya riƙe makullin sama yana kaɗa shi.

"Gwaggo, famfo kika haɗiye ne?"

Aka fashe da dariya. Har waɗanda ita ta koya musu sa zare a allura sun yi.

Ta sassauta murya. "Magani nake sha, ɗana. Likita ne ya ce..."

"Kowa ma magani yake sha. Nan wurin aiki ne, ba asibiti ba. In zaman ne ba za ki iya ba, masu neman kujerar nan suna bakin ƙofa."

Ta karɓi makullin kanta a ƙasa. Kafin sati ya zagayo sunanta ya koma Gwaggo Famfo. Da ta ɗan motsa, sai ka ji wata daga baya ta ce, "A ba da hanya, an kawo ruwa."

Ba ta kai ƙara wurin kowa ba. Shawara ta yanke ita kaɗai: ranar hutu kawai za ta riƙa shan ƙwayar. Sauran ranaku ta ɓalle ta daga takarda, ta jefa a gwangwanin maɓallai, don 'yarta ta ga magani yana raguwa.

"Umma, kin sha?"

"Na sha. Ke kuma yaushe kika zama likita?"

Ƙafa ta koma kumbura. Ta sa reza ta tsaga bakin takalminta. Matakala goma ce zuwa ɗakin ɗinki, sai ta tsaya sau biyu tana haki, ta yi kamar ɗankwali take gyarawa. Ƙeyarta na sara, ta ce gajiya ce. Amma daga safe har yamma ba ta barin kujera.

Manaja ya lura. "Kun gani ko? Gwaggo ta shiryu. Dama shagwaɓa ce."

Ta yi murmushi, don ta ga aikinta ya tsira.

Wata biyu ana haka. Ranar wata Laraba tana ɗinka wuyan riga, ƙafarta ta dama ta zame daga kan matakin keken. Ta so ta mayar, ƙafar ta ƙi jin magana. Ta juya za ta kira ta kusa da ita, baki ya karkace.

A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Da 'yarta ta koma gida ɗauko mata zane, ta ture gwangwanin ya faɗi, ƙwayoyi suka watse cikin maɓallai. Ta kwashe su ta kai wa likita tana kuka.

Likita ya dubi ƙwayoyin. Sannan ya matsa kusa da gado. "Mama, da kin dawo kin faɗa mini, da mun duba lokacin shansa, ko na rubuta takarda ki kai musu."

Kwana na uku manaja ya zo dubiya da ledar lemo. Ya tsaya daga ƙafar gado yana sosa ƙeya.

"Haba Gwaggo, ai da kin yi mini bayani."

Ta buɗe baki, harshe ya ƙi ɗaguwa. 'Yarta ta goge mata miyau da gefen mayafi, ta ce, "Ta yi maka lokacin tana da baki. Ɗauki lemonka."

Gwaggo tana nan da rai. Tana zaune a ƙofar ɗaki, in za ta tashi sai an kama ta. Kekenta kuwa ko sati bai yi ba aka ɗora wata a kai.

Darasi: 'Ya'yana, maganin hawan jini ba a ajiye shi don kunya ko don bakin mutane. In ya takura ku, ku koma wurin likita ku faɗa masa gaskiya. Kai kuma mai riƙe da makulli, in babba ya tashi sau goma, miƙa masa ka yi shiru, ba ka san abin da yake fama da shi ba. Ku tura wa duk mai tsoho a gida, da duk mai mutane a ƙarƙashinsa.