Zakara, Tunku da Kyamarar Akurki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Ƙwai suka yi ta ɓacewa a akurkin Gwaggo Ladidi, sai ta kafa kyamara tana kallo ta wayarta. Zakara kuwa, sarkin son a gani, ya wuni yana taƙama a gaban kyamarar.

Tunku ɓarawo ya leƙo ya ce, "Ranka ya daɗe, matsa kusa, zankonka bai fito ba."

Zakara ya matsa har ya toshe idon kyamarar, Tunku ya kwashe ƙwai.

Gwaggo ta duba waya, ba komai sai fuskar Zakara. Ta ce, "Ashe kai ne! Ranar Juma'a sai tukunya."

Nan Zakara ya gane Tunku ya yaudare shi.

Washegari Tunku ya dawo ya ce, "Yallaɓai, a ƙara matsawa."

Zakara ya ce, "To, abokina."

Ya tsaya a gaban kyamarar har Tunku ya cika baki da ƙwai, sannan Zakara ya yi tsalle gefe ya ƙwala cara. Gwaggo ta ga ɓarawonta ƙiri-ƙiri, ta fito da muciya.

Tunku ya haye katanga yana ihu, "Gwaggo, dukan na yafe, amma a goge hoton nan! Surukaina suna da waya!"

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, tawa ta ƙare.